Minti 20 a bakin famfo

Laraba, bayan kowa ya kwanta

Gidan nan ya cika ya batse. Tun da aka ba yara hutu Anti ta iso da nata, Yaya ya biyo baya, Goggo ma ta ce ba za a bar ta ba. Yanzu idan mutum zai fita da dare sai ya yi ta tsallake ƙafafu. Ni kuwa ina jin daɗin abina. Da safe Ummi ta jera ƙananan ta ce makaranta ta buɗe, ita ce malama, har ta ba Auta aikin gida, shi da ko magana bai gama iyawa ba. Na yi dariya har da hawaye.

Wanki. Guga. An ɗauke wuta, an kawo, an sake ɗaukewa.

Abin da ya hana ni barci da yamma ya faru. Mu manya muna falo gaba ɗayanmu, hira ta yi daɗi, wani ya zuba ruwan zafi a kofi ya ajiye a bakin tebur. Ihun Auta kawai muka ji. Allah ya taƙaita, bayan hannunsa na dama ruwan ya samu da ɗan wuyan hannun, fuska da ƙirji ba abin da ya taɓa su. Na sure shi na yi bakin famfo, na zare zaren da yara suka ɗaura masa a hannu tun kafin wurin ya kumbura, na tara hannun a ƙarƙashin ruwa. Na ce wa Abba ya riƙe waya ya faɗa min idan minti 20 ta cika.

Ko minti biyu ba a yi ba Goggo ta iso.

"Ke 'yar nan, yaro na tsala ihu kin tsaya wasan ruwa? Ummi, maza ɗauko min man goge baki."

"Goggo, ki yi haƙuri, ruwan nan shi ne maganin."

"Ruwa ai shi ke sa ƙuna ta tashi. Mu da muka goyi ubansa ba mu san abin da ake yi ba?"

Anti ta leƙo ta ce a fasa ɗanyen ƙwai a shafa farin. Yaya tuni ya buɗe firij yana ɓalle ƙanƙara. Kowa da niyyarsa ta alheri, kowa kuma so yake in cire hannun yaron daga ruwa.

Ni dai abin da aka koya mana a bitar agajin gaggawa a wurin aiki na riƙe. Ko ruwan zafi ya bar fata, zafin bai bar ta ba, yana nan yana ci gaba da cin naman da ke ƙasa. Ruwan famfo mai sanyi, yana zuba ba tsayawa, shi ke janye zafin, kuma sai an ba shi minti 20 cif. Ko an makara ma, cikin awa 3 na farko yana da amfani. Ƙanƙara kuwa tsuke jijiyoyin jini take yi ta ƙara wa fatar rauni. Man goge baki sanyin yaudara gare shi, a ji kamar ya huce alhali ba abin da ya huce, kuma idan an je asibiti sai an wanke shi tas kafin a ga ciwon, yaron ya sha azaba sau biyu. Ɗanyen ƙwai a kan fatar da ta buɗe, ƙwayoyin cuta kawai aka gayyato. Duk wannan yana kaina, amma wa zai tsaya yi wa Goggo lacca yaro na birgima a hannunsa? Iyakata "ki yi haƙuri, Goggo", ina maimaitawa.

Ashe minti 20 tana da tsawo haka. Na tambayi Abba ina tsammanin saura kaɗan, ya ce yanzu aka yi shida. Bayana ya ƙage. Na sa aka yafa wa Auta tawul don kada sauran jikinsa ya ɗauki sanyi, ƙananan yara ba su da wuyar yin haka. Goggo na tsaye a kaina da man a hannu, hula a buɗe.

"Baban Ummi, kana kallo ana gasa min jika?"

Na ɗaga kai na kalle shi. Na san ba ƙaramin abu ba ne ya musa wa Goggo a gaban mutane. Ya sosa ƙeya ya ce, "Goggo, a bar ta ta gama, in ya so sai mu kai shi a duba." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da kun sani, ta koma ɗaki.

Da lokaci ya cika kukan ya koma sheshsheƙa. Wurin ya yi ja, bororo ƙarami ɗaya ya tashi, na hana kowa fasawa. Muka shimfiɗa ledar naɗe abinci mai tsabta a kai sakwa-sakwa, muka tafi. Anti ta ce wannan ɗan abin har sai an je asibiti? Ƙuna a hannu ko fuska ko gaɓa, a jikin yaro ƙarami, ba a yanke mata hukunci a gida. An wanke, an sa bandeji, an ce ba ta yi zurfi ba. Alhamdu lillahi. A hanyar dawowa har yana nuna wa babansa motoci da hannun mai bandejin.

To da a nan abin ya tsaya da tuni na yi barci.

Muna shigowa na tarar da Ummi a bayan ƙofa idonta ya kumbura. Ashe bayan fitarmu kanta aka koma. "Ke ina kike? Ba ke ce babba ba?" Yarinya mai shekara 11. Manya cike da falo, tebur a gabanmu, yaron ya ratsa ta tsakanin gwiwoyinmu ya je ya jawo kofi, amma wadda ke tsakar gida tana wasa da 'yan'uwanta ita ce mai laifi. Na ja ta ɗaki na ce mata ko kaɗan ba laifinta ba ne. Ta gyaɗa kai, ban ga alamar ta yarda ba.

Abin da ke ci na ke nan. Ranakun da nake ni kaɗai da Auta, idona ba ya barin kansa, don na san ba wani sai ni. Yau da muka yi yawa, kowa ya saki jiki yana ganin ai akwai mai kallonsa. Yawan namu ne ya sa ba mai kallon. Sai aka koma neman wanda ya ajiye kofin, kowa na rantsuwa ba shi ba ne, kamar gano shi zai canja wani abu. Kofin ruwan zafi ko ya yi minti 15 a ajiye yana iya ƙona yaro, don fatarsu ta fi tamu laushi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 180,000 ƙuna ke kashewa duk shekara, kuma mata da yara galibi a cikin gida abin ke samunsu, a inda muke ganin sun fi tsira.

Da kowa ya kwanta na ɗauki fitilar waya na zagaya gidan, ina duba shi da idon mai shekara biyu. Bokiti cike a banɗaki, an tara saboda baƙi, ƙofa a buɗe. Yaro kamar Auta nauyin kansa kan rinjaye shi, in ya leƙa ya kifa ba zai iya ɗagowa ba, kuma ba za a ji ko motsinsa ba. Na juye ruwan a babban mazubi mai murfi na ja ƙofar. Jakar Goggo a ƙasa, maganin hawan jininta a aljihun gaba, zif a zuge. Wannan kam na ɗora a kan kwaba a hankali, gobe na san abin da zan ce.

A falo ekstenshan ɗaya ke ɗauke da cajar kowa, ga butar lantarki an soka a ciki, ga dutsen guga. A bayansa an rubuta amfiya 13, wajen wat 3,000 ke nan, butar kaɗai takan ci 2,000 ko fiye. Ga shi an tura wayar ƙarƙashin katifar da samarin ke kwana a kai. Na taɓa, da ɗumi. Na zare.

Janareto kuma tun jiya muke ja-in-ja da Yaya, shi yana so a shigo da shi baranda kusa da tagar ɗakin yara don kada a sace. Hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa ya ce yana jin wani abu. Aƙalla mita 6 ake so tsakaninsa da taga ko ƙofa. Na ce a sa masa sarƙa da kwaɗo a can inda yake. Ya ce na cika tsoro. Na karɓa.

Sai makullin ƙofar waje. Mu mun san inda muke rataye shi, baƙinmu ba wanda ya sani, tagogi kuma duk ƙarfe ne. In hayaƙi ya turnuƙe cikin dare, a duhu, wa zai tsaya lalube? Da safe zan nuna wa kowa, har yaran.

Goggo ba ta amsa min "sai da safe" ba. Amma ta aiko Ummi ta ce gobe in za a koma canja bandeji da ita za a tafi, tana so ta tambayi likitan da bakinta zancen man goge bakin nan.