Matar da ke share ofishinmu da daddare

Shekara ta uku kenan ina aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a nan Ingila, ɓangaren sayayya da kwangiloli, wato duk wanda zai kawo mana kaya ko ya yi mana aiki ta hannunmu yake bi, daga kwamfuta har sabulun banɗaki. Duk shekara akwai wata takarda da muke haɗawa saboda doka ta tilasta. Dokar Bautar Zamani ta 2015, sashe na 54, ta ce kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara dole ya fito ya faɗi abin da ya yi don kar a samu bauta a harkarsa ko wajen masu kawo masa kaya, kuma darakta ya sa hannu.

Farkon zuwana na ɗauka cika fom ne kawai, mu da ba gona ba masaƙa, ina bawa zai fito a gidan gilashi?

Sai da azumin bara aiki ya riƙe ni har na sha ruwa a ofis, wajen tara da rabi wata mata ta shigo da bokiti da injin shara, muka gaisa na miƙa mata dabino ta karɓa, Turancinta kaɗan ne sosai. Bayan ta wuce na zauna ina tunani, ni ne fa na duba kwangilar sharar nan, amma wallahi ban san wa ke biyanta ba. Washegari na bi diddigi, ashe kamfanin da muka ba wa aikin ya yanka wani ɓangare ya ba wani ƙaramin kamfani, shi kuma wajen ejan yake ɗauko ma'aikata. Ban ce ana bautar da ita ba, Allah ya sa lafiya take. Abin da ya dame ni shi ne da ana yi ma, ba yadda za a yi mu sani, don abin da ke hannunmu fom ne da ɗan kwangila ya cike da kansa ya ce komai lafiya.

Kuma irin wannan ta faru a ƙasar nan. A 2019 aka ɗaure wasu mutum 8, gungun 'yan Poland a yankin West Midlands, waɗanda suka kwaso mutane kusan 400 daga ƙasarsu, marasa matsuguni da waɗanda suka fito daga gidan yari da waɗanda giya ta kassara, da alƙawarin aiki mai kyau. Suna zuwa sai a cusa su a ƙazantattun gidaje, a kai su banki a buɗe musu asusu da sunansu, a ƙwace katin. Mutum ya wuni yana aiki a gona ko wajen tsince shara, albashi ya faɗa asusu, shi kuma ɗan canji ake jefa masa. Sama da fam miliyan 2 suka tara. Har mutuniyarsu gare su a cikin wani kamfanin ɗaukar ma'aikata. Nan ne abin ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikacin harkar kuɗi, don duk kuɗin nan ta asusun banki suka bi, a takarda komai tsaf.

Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2022 ta ce mutum kusan miliyan 50 ke cikin bautar zamani, miliyan 27.6 daga ciki aikin tilas ne. Mu ma ai ba baƙonmu ba ne, 'yan uwanmu mata nawa suka tafi aikatau Saudiyya, ejan ya ɗora musu bashin tikiti da biza, suna sauka a riƙe fasfo, ki yi wata da watanni kina biyan bashin da ba ya ƙarewa. Hanyar ɗaya ce, bashi da takardu da tsoro.

Shi ya sa yanzu na canza tambayoyina. Na daina tsayawa a kan ko kuna da manufa a rubuce, kowa na da ita. Ina tambaya wa ya biya kuɗin ɗaukar ma'aikacin, shi ko ku? Fasfonsa yana hannun wa? Albashi asusunsa yake shiga, kuma an duba ko mutum goma suna amfani da adireshi ɗaya ko lambar waya ɗaya? Sai maganar farashi, wadda ogogi ba sa so. In ɗan kwangila ya kawo kuɗin da in ka lissafa awoyin aiki bai ma kai mafi ƙarancin albashi ba, to wani ne ke cike giɓin da jikinsa, kuma mu da muka zaɓi araha muna da hannu.

Ita kanta dokar gaskiya tana da rauni, kamfani zai iya rubuta cewa bai ɗauki wani mataki ba kuma ya cika sharaɗi, babu tara. Wannan yana min ciwo.

Wata mai zuwa za a sabunta kwangilar sharar. Na nemi a sa sharaɗi biyu, ba a miƙa aikin ga wani sai da saninmu, sannan a bar mu mu zauna da masu sharar da masu gadi da tafinta ba tare da shugabansu a ɗakin ba. Na farkon an yarda, na biyun har yanzu muna ta ja, ranar Talata zan sake shiga da shi.