Mahmudu, abokin da muke mantawa da shi a Magana Jari Ce

Duk wanda ka tambaya a nan Zariya me yake tunawa a Magana Jari Ce, Aku zai fara ambata. Wani ya kawo Kalala da Kalalatu yana dariya, wani ya tuno makircin Waziri. Mahmudu kuwa sai an yi ta lalube kafin sunansa ya faɗo. Wannan yana damuna, domin in aka zare Mahmudu, littafi na ɗaya ba shi da ƙafar tsayawa.

Ku tuna yadda abin yake. Sarki Abdurrahman ya daɗe ba shi da ɗa namiji, har Allah Ya ba shi Musa. Mahmudu jikansa ne, ɗan 'yarsa, kuma tare suka tashi a gida ɗaya, ba a ganin wannan sai da wannan. Da yaƙi ya taso tsakaninsu da ƙasar Sinari, aka fita da Mahmudu, aka bar Musa a gida ana tsaronsa. Waziri kuma ya riga ya ƙulla nasa, jira kawai yake yaron ya sa ƙafa waje. To me ke tayar da Musa kowane dare ya yi ɗamara? Mahmudu. Ba ya iya kwanciya a kan shimfiɗa alhali ɗan'uwansa yana bakin daga. Duk labaran da Aku ya yi ta zubawa har gari ya waye, dabarar riƙe yaron da zuciyarsa ke wurin abokinsa ce.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya zo Zariya a 1936 ya zauna aikin wannan littafi tare da Rupert East, Baturen da ke shugabantar ofishin talifin littattafai a lokacin, kuma littattafan uku suka fito tsakanin 1937 da 1939. Manazarta sun nuna cewa ya tsinto labarai daga wurare da yawa, har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus. Shi kansa tsarin aku mai tsare mutum da hira, akwai shi a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Amma a can, matar aure ce ke son fita wurin wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya, akun yana hana ta. Imam ya ɗauke wannan, ya sa amana tsakanin yara biyu a gurbinsa. A ganina babu gyaran da ya yi da ya kai wannan daraja. Abin da ke jan Musa waje abin kirki ne, sai dai bin sa zai kai shi ga halaka, shi ya sa mai karatu ba ya iya tsanar yaron ko da ya yi wauta.

Kuma ya yi wauta babba. Akwai wadda ta fi Mahmudu shan mantuwa, wato macen akun. Ita ta faɗa wa Musa gaskiya ƙiri-ƙiri cewa fitar ba ta dace ba, ta rasa ranta a hannunsa. Da nake karanta wa 'ya'yan yayana wannan wuri a Tudun Wada, ƙaramar cikinsu ta dakatar da ni, ta ce, "Gwaggo, ai ita ma sonsa take yi, me ya sa ya yi mata haka?" Na ce mata haka ne, kuma Aku ya ga abin da ya sami matarsa kafin ya zaɓi hanyar labari. Hikimar da ake ta yaba masa, wani ɓangarenta a kan gawar matarsa ya koye ta. Shi daga baya aka ba shi sarautar Waziri, ita ko ta'aziyya ba mu yi mata.

Da tashar NTA Kaduna ta mayar da littafin wasan talabijin a shekarun 1980, mutane da yawa a nan suka fara sanin labaran, har waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba. Marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya, yana cikin waɗanda suka fito, kuma ina girmama aikin ƙwarai. Sai dai allo yana da halinsa: wanda ke gabansa shi ake gani. A takarda, da zarar Musa ya ambaci Mahmudu, mai karatu na ɗauke da shi a rai har ƙarshen babi. A talabijin kuwa ido na kan rawuna da dawakai da wanda ke ba da dariya, wanda ya tafi yaƙi ya tafi ke nan. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa manyanmu da suka kalli wasan suke tuna labaran ɗaya bayan ɗaya, amma in ka ce me ya hana Musa barci, sai su yi shiru.

Yanzu ga masu karanta littattafan Hausa a rediyo da YouTube, ga matasa masu zanen katun a kwamfuta. Roƙona gare su, in za su taɓa Magana Jari Ce, kada su yi tsalle su faɗa kan labaran Aku kai tsaye. A nuna mana Musa da Mahmudu suna yara, suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna koyon hawan doki, suna faɗa suna shiryawa. A nuna ranar da aka raba su a ƙofar fada. Sannan yaron da ke kallo zai gane me ya sa Musa ke komawa wurin Aku da ɗamararsa kowane dare, ya san kuma abin da Aku yake kokawa da shi.