'Yar jakar ɗumi ta Hajiya

Tunda hunturun nan ya kama, ciwon gwiwa ya hana Hajiyarmu barci. Jiya na hau keke, na ɗinka 'yar jaka da ragowar atamfa mai auduga zalla, don yadin roba narkewa yake yi. Na zuba busasshiyar shinkafa gwangwani huɗu, ban cika ta dam ba, na raba ta gida uku da ɗinki kada ta taru gefe guda.

Na ɗumama ta minti 2 a maikurowef, wato na'urar ɗumama abinci, da kofin ruwa a gefe. Sai da na gwada a bayan hannuna kafin na ɗora mata.

Ta lumshe ido ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Wallahi sai da na yi ƙwalla. Yau da asuba ita ta tashe ni sallah.