Maɗaba'ar da masu shaƙar warin tawada ke yanke hukunci

Calverts maɗaba'a ce a gabashin Landan, an kafa ta a 1977, kuma ba ta da maigida. Ma'aikatan ne masu ita, kowa da ƙuri'a ɗaya a wajen taro. Haka ma Footprint a birnin Lids. Amfanin wannan tsari ga muhalli a fili yake: wanda zai zaɓi sinadarin wanke inji shi ne zai yini yana shaƙarsa, don haka ba ya duban araha kaɗai.

A injin ofset, wato mai aiki da fileti da ruwa da tawada, babban abin da ke gurɓata iskar ɗaki shi ne sinadarin IPA, wani nau'in alkohol mai saurin bin iska, da ake zubawa cikin ruwan jiƙa fileti, galibi kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Ana iya rage shi har a daina, amma ba dare ɗaya ba. In aka janye shi gaba ɗaya, sai tawada ta fara hawa wuraren da babu rubutu, takarda ta fito da dauɗa. A hankali ake ragewa, ana sa madadinsa, a riƙe sanyin ruwan kusan digiri 10, a kuma sake daidaita rololin ruwa. In sun tsufa sun ƙandare, sauya su ya zama dole, in ba haka ba wahalar banza za a sha.

Tawadar man waken suya ko ta sauran man tsirrai tana fitar da launi mai kyau, sai dai jinkirin bushewa. In aka tara bugu ya yi tsiri, fuskar wannan takarda za ta shafi bayan waccan. Maganinsa a riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan, a bari ya kwana kafin a kai wajen yanka. Wannan kwana ɗayan ne ke jawo rigima da kwastoma, shi ya sa gara a faɗa masa tun ranar da ya kawo aikin.

Amma duk wannan bai kai takarda ba. Nan asarar take. Takarda mai girman SRA3, milimita 320 da 450, tana fitar da A4 biyu ko A5 huɗu har da gefen yanka. Mai zane ya ƙara 'yan milimita don ado, sai huɗun nan su koma biyu, takardar da za a ci ta ninka. Takardar da aka sake sarrafawa kuwa tana shan tawada, launi ya ɗan dushe, tana kuma barin ƙura a jikin robar inji, sai an riƙa tsayawa ana gogewa. Ledar da ake liƙa wa bango don ya yi ƙyalli tana wahalar da sake sarrafa takardar, in ba dole ba a bar ta.

Footprint da injin Riso na Japan take aiki. Ba ya ƙona hoda da zafi kamar na fotokwafi, don haka wutar da yake ci kaɗan ce. Kowane launi da gangarsa, takarda na shiga sau ɗaya ko biyu ko fiye, launuka kan goce da milimita ɗaya ko biyu. Takarda mai santsi ba ta yi masa, tawadar ba za ta kama ba. Kwafi goma ba su biyan kuɗin shirya shi, daga hamsin zuwa sama ne yake fara araha.

Inda ƙungiyar gama kai ta fi tuntuɓe shi ne rabon riba. Shekara ta yi kyau, kowa na son a raba, alhali inji na tsufa. Tun wajen rubuta dokokin ƙungiya ake ƙayyade kason da zai shiga asusun sayen sabon inji, kafin kowa ya ga ko sisi.