Darussan da na koya a harkar zanen taurari ta waya da kwamfuta

Duk mai shigowa harkar zanen taurari, na 'yan ƙwallo ne, na jaruman Kannywood ne ko na katun ɗin Japan, tambayarsa ta farko ita ce wace manhaja zai sauke. Zan zo kan wannan. Amma asarar da ta fi cinye sababbin masu zane tana faruwa ne tun a daƙiƙun farko, lokacin da manhaja ta buɗe ta nemi a zaɓi girman takarda, mutum ya danna wanda ya fara gani.

Ga yadda abin yake tafiya. Ka zaɓi takarda mai fiksel 1080 a faɗi, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto, ka ɓata dare da rana kana gyaran ido da leɓe, ka ɗora a Instagram, zane ya fito fes a fuskar waya. Sai wani ya ce yana so a buga masa a sa a firam. Bugu mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, abin da masu bugawa ke kira dpi 300. Raba 1080 gida 300, inci 3.6 za ka samu, kimanin santimita 9. Iyakar girman da zanen zai fita garau ke nan. Idan aka ja shi ya cika A4, gefen layuka zai zama tsani-tsani, fuska ta yi dishi-dishi, mai aiki ya ce ba wannan ya gani a waya ba. Kuma gaskiyarsa.

Babu gyara bayan an gama. Komawa cikin saiti a canza dpi daga 72 zuwa 300 ba ya ƙara ko fiksel ɗaya. Manhajojin ƙara girman hoto kuwa ƙirƙiro abin da babu suke yi, su sauya shatin ido da hanci kaɗan, alhali kama ita ce dukiyar mai zanen taurari. Da zarar jarumi ya daina kama da kansa, aikin ya mutu. Don haka a haddace waɗannan: A5 fiksel 1748 da 2480, A4 fiksel 2480 da 3508, A3 fiksel 3508 da 4961. A yi zane a babba, a rage shi idan za a ɗora a intanet. Daga babba zuwa ƙarami hanya a buɗe take, daga ƙarami zuwa babba a toshe.

Wannan asara tana da 'yan'uwa biyu. Ta farko haɗe leya, wato shimfiɗun da ake ɗora ɗaya kan ɗaya, kowane ɓangaren zane a tasa. Wanda ya narkar da layi da launi da inuwa wuri ɗaya, ranar da aka ce a canza launin riga sai ya sake zana rabin hoton. Mafi ƙaranci a raba biyar: zanen gwaji, tsabtataccen layi, launin ƙasa, inuwa, haske, sannan bango a can ƙasa shi kaɗai. Ta biyu rashin ajiye asalin fayil. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi, kuma ba ya riƙe leya. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, sai an tura a matsayin takarda yake isa yadda yake. Mai amfani da ibisPaint ya sani cewa ayyukansa a cikin manhajar suke zaune, idan ya cire ta ko ya goge bayananta don samun fili, sun tafi tare. Kowane zane ya fita gida uku: fayil ɗin manhajar kanta, PSD don buɗewa a wata manhajar, da PNG don nunawa. Kwafi ɗaya ya kwana a wajen wayar, a Google Drive ko a filas.

Daga nan zaɓin manhaja yake farawa, domin babbar takarda tana cin ƙwaƙwalwar na'ura. Cikakkiyar leya ɗaya ta A4 tana iya kaiwa megabait 35, ashirin sun doshi 700. Shi ya sa waya mai RAM gigabait 2 ko 3 take daskarewa ko ta rufe manhaja ana tsakiyar aiki. Mai irin wannan waya ya tsaya a A5, ya taƙaita leya, ya rufe sauran manhajoji.

Ga mai waya kaɗai, ibisPaint X ta kamfanin Japan ita ce ta fi dacewa. An tsara maɓallanta don yatsa, tana da abin daidaita layi ga mai rawar hannu, tana naɗar bidiyon yadda aka yi zanen da kanta, kuma kallon talla ɗaya yana buɗe buroshin da ke kulle na wani lokaci. Mai kwamfuta ya sauke Krita. Kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, ba ta neman data don ta yi aiki, tana tafiya a Windows da Linux da Mac. Akwai ta a Android, amma don manyan alluna, wato tablet, aka tsara ta, a ƙaramar waya maɓallan sun yi ƙanana ƙwarai. Procreate, wadda wani kamfanin Ostareliya ya fitar a 2011, sau ɗaya ake biyanta, kimanin dala 13, tana da daɗin hannu sosai, sai dai a iPad kawai take aiki. Duk manhajar da ka gani da wannan suna a wayar Android, jabu ce. Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys ita ce gwanar zanen barkwanci da labarai masu shafuka da yawa, saboda tana da leyar da ake iya gyara kaurin layi bayan an ja shi. A kwamfuta ana iya sayenta sau ɗaya, a waya da allo kuwa kuɗin wata ko na shekara ne.

Akwai wani abu da har yanzu yake ƙona mini rai. Wasu da suka riga shiga harkar suna gaya wa yara cewa wanda ba ya aiki da Photoshop ba mai zane ba ne. Tun 2013 Adobe ta mayar da Photoshop ta kuɗin haya, kuma kowa ya san wahalar biyan dala wata-wata da katin naira. Sai yaro ya je a zuba masa fasasshiya a kasuwa, ta zo da ƙwayar cuta, ko ta mutu ranar da ake jiran aiki. Wani ma ya haƙura da zanen kwata-kwata don yana ganin bai da kayan aiki, alhali wayar da ke aljihunsa ta ishe shi shekara guda yana koyo. Masu wannan magana ba su taɓa zama sun nuna masa girman takarda ko amfanin leya ba. Ayyukan da suka fito daga Krita an buga su an rataye, babu mai saye da ya taɓa tambayar da me aka zana.

Batun alƙalami: mai kan roba na 'yan kuɗi kaɗan yatsa ne kawai mai tsini, ba ya jin nauyin hannu. Mai son layi ya yi kauri ya sirance ya nemi ƙaramin allon zane marar fuska na Huion, XP-Pen ko Wacom, kimanin inci 6 da 4. Da yawansu suna haɗuwa da wayar Android ta mahaɗin OTG. Matakan jin nauyi 4096 sun isa, kada a biya ƙari don 8192 kawai. Idan nauyin ya ƙi aiki a Windows, a cire direban tsohon allo, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, kafin a sa sabo, sannan a gwada sauya tsakanin WinTab da Windows Ink a saitin manhajar.

Wajen launin fata, kada a yi wa baƙar fata inuwa da baƙi, tana fitowa kamar an shafa toka. A buɗe sabuwar leya a kan launin ƙasa, a sa ta a Multiply, saitin leya da ke duhunta launin da ke ƙarƙashi, a ɗauki ja mai duhu ko shuɗi mai ratsin ja, a rage ƙarfinta zuwa kashi 30 ko 40. Hasken goshi da kunci da karan hanci shi ke fito da siffar fuskar. A kashe saitin kare ido na waya kafin zaɓar launi, don yana rina komai ya koma ruwan ɗorawa.

A riƙa juya zane hagu da dama ana cikin aiki, karkataccen ido nan take yake bayyana. Buroshi uku sun isa mai koyo. Inda wuta ba ta da tabbas, a kunna adanawa ta kai-tsaye. Sa hannu ya shiga jikin zanen, kusa da kafaɗa, don wanda ke kusurwa yanke shi ake yi.

Kafin a karɓi kuɗi a tuna cewa siffar katun mallakar kamfanin da ya ƙirƙire ta ce, hoton jarumi kuma akwai mai ɗaukar hoton da ke da haƙƙi a kansa. Ɗorawa don nuna ƙauna yawanci ana kau da kai, bugawa a riguna ana sayarwa kuwa yana iya jawo ƙorafi ko rufe shafi. Idan an bi hoton wani layi-layi, a faɗa, a kuma ambaci sunan mai hoton a ƙasan zanen.