Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Aka Rufe Mana Ƙofa

Makon jiya na tsaya a inda Goggo ta ce a gaban dangi, wai duk karatun da na yi, wankin tsofaffin Turawa na ƙare da shi a Kanada. Inna ce ta tare mini da cewa, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Har gobe maganar Goggo tana ci mini rai.

Ranar 17 ga Maris 2020 jihar Ontariyo ta kafa dokar ta-ɓaci saboda cutar korona. An hana 'yan uwa shiga gidan tsofaffin da nake aiki, likitanmu kuma ya koma duba mutane ta waya. Nauyin ya dawo kaina, domin lasisina na babbar nas ya ba ni ikon duba majinyaci, in sa a yi gwaji, in rubuta magani.

Ba kullum korona take zo wa tsoho da zazzaɓi ko tari ba. Wani lokaci sai dai ki ga ya ture abinci, ya rikice, ko ya faɗi a banɗaki. Wadda ta san yadda yake jiya ita kaɗai za ta gane. Na sha faɗa wa likita haka a waya, yana cewa a jira zazzaɓi. Ni kuwa maganar Inna ce ke dawo mini. Allah ya jiƙanta, ba ta ga wannan shekarar ba, ban kuma samu jana'izarta ba.

Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke kurma ihu in ta ga takunkumi. Sai na manna hotona a gaban rigar kariya, ta shafa shi, ta miƙo mini yatsa na auna iskar jininta. Daren da ta cika, ni na riƙe waya a kunnenta 'yarta tana mata bankwana, ɗaya hannuna cikin nata.

A Afrilu sai da aka tura sojoji wasu gidajen. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe a Kanada a zagayen farko, mazauna irin gidajen nan ne.

Wankin kuwa na yi shi, Goggo, da hannuna, ranar da masu yinsa suka kwanta ciwo. Bara da kika bugo kina tambayata maganin hawan jininki, ban tuna miki ba.

Mako mai zuwa, labarin zuwan rigakafi a Disamba 2020.