138 rabin hanya ce

Har yau idan na tuna kuɗin lesin ɗin da na biya a zangon da ya wuce, raina yakan sosu. Malamin yana zuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Kullum bayan la'asar zai cika wa Auta shafi da ninkawa da rabawa, ta duƙufa har a kira magariba. Jadawalin sau kuwa ko daga barci ka tashe ta za ta kawo maka shi. Amma da makarantarsu ta yi musu gwajin jarrabawar shiga sakandare, irin wadda NECO ke shirya wa 'yan aji shida masu neman makarantun gwamnatin tarayya, sai ga yarinya ta cinye lissafin tsirara kusan duka, ta zubar da kusan duk tambayar da aka ba da ita cikin labari. Na tuntuɓi malamin, ya ce: "Ai Alhaji gaggawa ce ke damunta, a ƙara mata aiki." Wato a ƙara abin da ta riga ta iya.

Na karɓi takardar na zauna da ita da daddare. Ga ɗaya daga cikin waɗanda ta faɗi. Wata mata ta sayi kiret 5 na ƙwai, kowanne da ƙwai 30. Guda 12 suka fashe a hanya. Ta raba sauran daidai ga shaguna 6. Nawa kowane shago ya samu? Auta ta zagaye 138. A gefen takarda ga aikinta tsaf: 5 sau 30, 150, a ɗebe 12, saura 138. Babu kuskure ko ɗaya. Tana ɗaga kai ta ga 138 zaune cikin zaɓin da aka bayar, sai ta ɗauka an iso. Rabawa gida shida, wadda za ta ba ta 23, ba ta ma taɓa ta ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne, wanda ya tsara tambayar ya san da ita. Cikin zaɓin akwai 150, ga mai tsayawa a matakin farko. Akwai 138, ga mai tsayawa a na biyu. Akwai 25, ga wanda ya manta da fasassun ya raba 150. Kowace amsar ƙarya an gina ta ne a daidai inda yaro zai iya gajiya. Na bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan abin da ta zagaye lamba ce ta gaskiya daga tsakiyar aiki. Wata guda cur ana ƙara mata rabawa, alhali rabawar ba ita ce ta gagare ta ba, isa wurinta ne ba ta yi ba.

Akwai wata: an aiki yaro da ₦5,000, ya sayo littafi 6 a ₦350 da biro 4 a ₦150, nawa ne canjinsa? Ta zaɓi ₦2,700, kuɗin kayan ke nan. Na ce, "Auta, yaushe kika taɓa dawowa daga shago ba canji?" Ta yi dariya ta ce, "Abba, ai Umma ba za ta bar ni ba." Nan take, ba biro ba takarda, ta ce dubu biyu da ɗari uku. Yarinyar da ke riƙe lissafin bashin ƙanƙarar mamanta na layinmu gaba ɗaya a ka! Daga baya na ji cewa wasu masu bincike a birnin Recife na Brazil sun ga irin haka tun 1985: yara 'yan talla suna yin lissafi daidai a bakin ciniki, a ba su irinsa a takarda su kasa. A shago yaro ya san abin da ake nema, domin in bai kawo ba zai sha faɗa. A takarda lambobi kawai yake gani.

Sai na yi mata wani tsohon gwaji da aka yi wa yara a Faransa wajen 1980: a jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Yawancin yaran can sun ce 36. Tawa ma 36 ta ce, ba ta ko ƙifta ido ba. Ku gwada a kan naku, amma ku shirya jin haushi.

Daga nan muka canja salo. Doka ta farko: tafin hannu a kan zaɓin. Ba ta da izinin kallonsu sai ta gama. Wannan kaɗai ya dawo da maki masu yawa, kuma ko sisi bai ci ba. Ta biyu: kafin ta taɓa wata lamba, ta karanta jimlar ƙarshe, wadda ke da alamar tambaya, ta rubuta a ƙasan shafi "ƙwan shago ɗaya = ____". Muddin gurbin nan babu komai, aiki bai ƙare ba. Sannan duk lambar da ta fito a hanya sai an ba ta suna. Ta rubuta 138, in ce, "138 ɗin me?" Ta ce, "Ƙwan da suka rage." "Shi aka tambaye ki?" Shiru. Sai ta ci gaba. Da farko ta tsani tambayar nan, har da ƙunƙuni, yanzu kuwa ina jin ta tana yi wa kanta ita a ɗaki.

Turanci ma yana da nasa kason, ba na musu. Nakan sa ta ba ni labarin da Hausa, ba tare da ambaton lamba ko ɗaya ba: mata ta sayi ƙwai, wasu sun fashe, ta raba sauran. In ta iya faɗin haka, matakai uku sun fito da kansu. In ta kasa, to matsalar karatu ce, kuma shafi goma na ninkawa ba zai yi maganinta ba. Mun ɗan gwada zane irin na 'yan Singafo, a ja doguwar sanda a yanka ta gida-gida. Ya yi amfani a tambayoyin rabo da kaso, sauran kuwa cin lokaci ne, muka ajiye shi.

Da na gaya wa malamin wannan salo, maganar lokaci ita ce hujjarsa. Wai a ɗakin jarrabawa babu sararin rubuta wa kowace lamba suna. Gaskiya ne tana rage gudu, takan bar tambaya biyu ko uku a ƙarshe. To amma da can tana gamawa kafin kowa, ta fito tana murna, da 138 a takardarta. A gwaji na gaba tambayoyin labari da ta taɓa kusan duka ta ci, na kuwa sallami lesin ɗin a ƙarshen watan.

Iyaye, idan takardar yaro ta dawo, kada ku tsaya a jan biron malami. Ku yi lissafin da kanku mataki-mataki, ku duba ko amsar da ya zaɓa tana fitowa a tsakiya. In tana fitowa, yaronku ya iya lissafi, tsayawa yake yi da wuri, kuma wannan aikin mako biyu ne a tsakar gida.

Saura wuri ɗaya da har yanzu muke fama. Mutum 38 za su biki, kowace Keke Napep tana ɗaukar 4, keke nawa za a kira? Takan kawo 9 da saura 2, ta ajiye biro. Sai na tambaye ta ko mutum biyun nan a ƙafa za su tafi, sannan ta ce goma. Jiya na mayar da su buhuna da amalanke, ta sake barin biyu a bakin titi.